Aure Ya Mutu, Yaro Yana Nan



Yau maganarmu da iyaye maza ce, waɗanda suka rabu da matansu, yara kuwa suna hannun uwa. Mun sha ganin mace bayan an tashi sujada tana bin dattawan ikilisiya da takardar likita a hannu, tana neman kuɗin maganin zazzaɓin cizon sauro ko na ƙarin jini. Uban yaron kuwa yana da rai, yana da albashi. In an tambaye shi sai ya ce ai ita ce ta tafi. To, yaron fa, me ya yi?

Ku tuna da Yayirus cikin Markus sura 5. Shugaban majami'a ne, mai daraja, amma da 'yarsa mai shekara 12 ta kai bakin mutuwa bai aiki bara ba. Shi da kansa ya zo ya faɗi a gaban Yesu, taro na kallo.

Hukuma ma ba ta yi shiru ba. A Nijeriya, Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ɗora wa iyaye ɗawainiyar 'ya'yansu, kotu kuma tana iya tilasta uba ya biya. Ma'aikacin gwamnatin tarayya mai inshorar lafiya yana iya sa 'ya'yansa 4 'yan ƙasa da shekara 18. Ɗan'uwa, in sunan ɗanka ba ya ciki, je ka sa shi, ka aika wa uwarsa katin.

Bari mu yi addu'a domin yaran da ke kwance a asibiti a daren nan.