Amsoshin Takardunku: Aski Yana Rage Zafin Rana?

Takardarmu ta yau daga wani manomi take, a ƙasar Gumel. Ya ce sun yi gardama da maƙwabcinsa a kasuwa. Maƙwabcin ya ce in bazara ta kama, gara mutum ya je wa wanzami a yi masa ƙwal-kwabo, kai ya sha iska. Shi kuwa ya lura duk ranar da ya yi sabon aski ya tafi sharar gona, da ciwon kai yake dawowa. Wai wa ya fi gaskiya?

To malam, maƙwabcinka bai yi ƙarya ba, amma taka gaskiyar ta fi nauyi.

Ka shiga ɗakin kwano da tsakar rana, ka fito ka shiga ɗakin ciyawa. Wanne ya fi sanyi? To, gashi jinka ce da Allah ya yi wa kai. Ɗan Adam a tsaye yake tafiya, saboda haka in rana ta take, tsakiyar kansa take fara duka, ga kuwa ƙwaƙwalwa nan ƙarƙashi, ita ko ba ta jimrin zafi. Silin gashi wajen 100,000 ne a kan mutum, su ke tare ranar kafin ta kai ga fata.

A shekarar 2023 wasu masana na Amurka da Ingila suka wallafa gwajin da suka yi kan wannan magana. Suka sami mutum-mutumi mai auna zafi, suka haska masa fitilu masu ƙarfi a madadin rana, suna canja masa gashi iri-iri: miƙaƙƙe, da mai ɗan lanƙwasa, da murɗaɗɗe irin namu, sannan suka bar shi ba gashi. Kowane irin gashi ya rage zafi, amma murɗaɗɗen nan shi ya yi zarra. Dalili kuwa, ba ya kwanciya a kan fata, tashi yake yi ya bar sarari, iska tana ratsawa.

Ina gaskiyar maƙwabcinka? Kan da ba gashi, gumi ya fi saurin bushewa a kansa, shi ne sanyin da yake ji. Amma fa zafin da ke shigarsa ya fi yawa, sai jiki ya yi ta zubar da gumi don ya kashe shi. Gumin nan ruwan jikinka ne. Ga ka a gona, rijiya da nisa, gora ta ƙare. Nan ciwon kai yake samo asali.

Akwai kuma ƙunar fata. Baƙar fata tana da kariya, amma ba ta hana duka ba. Waɗanda abin ya fi shafa su ne zabiya, don rana tana jawo musu ciwon daji na fata. In kuna da zabiya a gida, don Allah kada ya fita kai a buɗe, kuma duk gyambon da ya ƙi warkewa a kai ko a kunne, a kai shi asibiti, kada a tsaya shafe-shafe. Masu sanƙo ma su kula. Iyaye mata, jaririn da aka yi wa askin suna, in an goya shi za a kasuwa, a rufe masa kai.

Ba mu ce a bar aski ba, aski tsabta ne. In ka yi, nemi malfa. Hula tsakiyar kai kawai take rufewa, malfa kuwa har kunne da ƙeya, ga ta da ƙofofin shan iska.

In kuwa kuna aiki wani ya fara jiri, ko amai, ko maganarsa ta rikice, a kai shi inuwa maza, a zuba masa ruwa a jiki, a yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti.

Malam, a gai da maƙwabci. Sai mun ji daga gare ku.