Hayar Tukunyar Iskar Balan-Balan a Bukukuwanmu

(Jawabin Kwamitin Walwala a taron shekara-shekara)



Batun da kwamitinmu ya zaɓo bana, wani zai ji shi kamar wasan yara, wato balan-balan. Amma duk wanda ya halarci suna ko walima ko bikin aure a birni cikin 'yan shekarun nan, ya san abin ya samu gindin zama. A da rumfa da kujeru da lasifika ake ɗaukowa haya. Yanzu an ƙara da tukunyar iskar da ake hura balan-balan da ita don su tashi sama. Kiranmu shi ne mu riƙa sanin abin da ke cikin tukunyar nan kafin ta shigo tsakar gidajenmu.

Iskar da ta dace da wannan aiki ita ce hiliyam. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma ba ta kama wuta. Masana sun fara ganin alamarta a hasken rana a 1868, ba su same ta a doron ƙasa ba sai 1895. Tace ta ake yi daga iskar gas da ake haƙowa, kuma ƙasashe kaɗan ke fitar da ita, irin su Amurka da Katar da Aljeriya da Rasha. Manyan asibitoci ma na bukatarta, domin da ruwanta mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifili ake sanyaya na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta MRI. Da maƙwabtan Katar suka rufe mata iyaka a 2017, sai da ta yi ƙaranci a kasuwannin duniya. Mu kuwa da ake shigo mana da ita daga waje da dala, bai kamata mu sa ran samunta da kuɗin goro ba.

A nan haɗarin yake. Akwai wata iskar, haidurojin, wadda ita ma ke ɗaga balan-balan, ga ta da sauƙin kuɗi, har ana haɗa ta a bayan gida da ruwa da sodar yin sabulu da guntayen alminiyam. Ita kuwa tartsatsi ɗaya ya ishe ta. Ita ce ta cinye jirgin nan na Jamus mai suna Hindenburg a Amurka a 1937, mutum 36 suka halaka. A 2012, a wani gangamin siyasa a birnin Yerevan na Armeniya, balan-balan suka kama da wuta a kan jama'a, fiye da mutum 140 suka ƙone. To mu dubi wurin bikinmu: ga kaskon turaren wuta, ga mai suya a ƙofa, ga janareta, ga kyandir a kan kek, ga yara kowa da igiyar balan-balan a hannu, ga iyaye mata cikin leshi da mayafi. Idan mai haya ya faɗi farashin da ya yi ƙasa ƙwarai da na sauran, mu tuna araha ba ta ado. Mu nemi wanda ke karɓo iskarsa daga sanannen kamfanin gas, mu karanta rubutun jikin tukunyar, mu karɓi rasit. Tukunyar da aka yi wa walda a bakin titi, ko wadda aka ji jikinta da ɗumi, a mayar da ita inda ta fito.

Ko hiliyam ɗin ta gaskiya ce, sai an yi hattara. Matsin iskar da ke cikin babbar tukunya ya kusan ninka na tayar mota sau 100. A tsayar da ita a inuwa, a ɗaure ta jikin ginshiƙi, a ɗora babba guda ya tsare ta har a tashi. Samarinmu sun koyi zuƙar iskar don murya ta koma siririya a yi dariya. Gaskiyar magana, iskar tana korar wadda jiki ke rayuwa da ita, mutum ya faɗi sumamme ba tare da ya ji alamar komai ba. Wanda kuwa ya kafa baki a kan tukunyar, huhunsa na iya fashewa nan take.

Ta fuskar aljihu, balan-balan na roba ba su cika wuce awa 8 zuwa 12 a sama ba, don haka a hura su ranar bikin, kada a kwana da su. A yi ciniki a fili kan kuɗin ajiya da ranar mayarwa, a kuma tambayi adadin da tukunyar za ta hura.

Sai masu kai biki gida lokacin hutu. Muna roƙo kada a riƙa sakin balan-balan sama bayan an tashi. Masu ƙyalli idan suka taɓa wayar lantarki sukan haddasa tartsatsi, na roba kuma a gona ko makiyaya suke saukowa, awaki da shanun iyayenmu su haɗiye su kamar yadda suke haɗiyar leda. A fasa su, a tattara, a kuma kawar da guntayen daga inda ƙananan yara ke wasa, don kada su kai baki su shaƙe.