Karatun Dakta A Cikin Masana'anta: Jawabin Wani Ɗan Sabo

Wannan shi ne jawabin da wani ɗanmu, haifaffen Sabon Ibadan, wanda ke karatun digiri na uku a ƙasar Ingila, ya gabatar a taron ƙungiya lokacin da ya zo hutu gida. Mun buga shi kamar yadda ya faɗa, saboda waɗanda ba su sami halarta ba.

  Ba don na fi kowa sani aka tsayar da ni a nan ba. Umurni aka ba ni, yaro kuwa ba ya ƙin aiken manya.

Tun ranar da na sauka, tambaya ɗaya ake yi mini. Wani kawuna ma ya fito fili ya ce, "Kai wai wane irin karatu ne wannan da ba ya ƙarewa? An ce dakta za ka zama, amma ba ka allura, an kuma ce kullum kana masana'anta kana dama gari. To leburanci ka tafi ko makaranta?" Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma tambayar tana kan hanya, ita zan amsa yau.

Abin da nake karantawa reshe ne na injiniyan sinadarai, a Hausance sai mu ce ilimin haɗa kaya. Ku duba abin da ke cikin shagunanmu: sabulu, garin wanki, man goge baki, man shafawa, fenti, cakulan, dunƙulen miya, ƙwayar magani. Babu ɗaya a cikinsu da yake abu guda. Kowanne haɗi ne na abubuwa da yawa, kuma amfaninsa bai tsaya ga abin da aka zuba kaɗai ba, har da yadda aka zuba, da wanda aka fara zubawa, da zafin da aka ba shi, da irin juyin da ya sha. Iyayenmu mata sun riga mu sanin wannan. A ba mata biyu gari ɗaya da ruwa ɗaya, tuwon wannan ya yi sulɓi, na waccan ya yi gudaji. Malamanmu ma sun san shi. Tawadar da ba a sa wa ƙaro ba, baƙinta kwanciya yake yi a gindin kurtu, kuma ba ta kama allo. Ƙaron shi ke riƙe baƙin a cikin ruwa. To wannan ƙaron dai, na Barno da Yobe da Jigawa da Sudan, shi kamfanonin lemon kwalba ke saye don ya riƙe man ƙamshi a cikin ruwan lemo kada ya taso sama. Aikin ɗaya ne. Abin da injiniya ya ƙara shi ne awo da lissafi, yadda abin da aka yi yau zai fito daidai da na gobe, ko da tan dubu ne.

Bari in ba ku misali da cakulan, tunda muna zaune a ƙasar koko. Man da ke cikin ƙwayar koko yana iya daskarewa ta siga 6 daban-daban. Guda ɗaya ce kawai ake so, ta 5, wadda ke narkewa a wajen maki 34 na ma'aunin zafi, wato ƙasa kaɗan da zafin jikin mutum. Shi ya sa cakulan mai kyau yake da ƙarfi a hannu amma ya narke a baki. In aka kuskure wajen sanyaya shi, sai ka ga ya yi fari-fari kamar ya yi furfura. Haka kuma in ba a niƙa shi ya yi laushin da harshe ba zai ji tsakuwa ba, ba mai saye na biyu. Wannan duka lissafi ne, kuma akwai mutanen da aikinsu ke nan.

Yanzu ga yadda karatun yake. A Ingila akwai digirin dakta iri biyu a fannin injiniya. Akwai wanda kuka saba ji, wanda ɗalibi ke zama a jami'a yana bincike. Akwai kuma wanda aka fara a 1992, suna kiransa EngD a taƙaice, bayan da aka lura cewa masu digiri na uku da yawa suna fitowa ba su san yadda masana'anta ke tafiya ba. Shekara 4 ake yi. Kusan kashi uku cikin huɗu na lokacin a kamfani ɗalibi yake, sauran a jami'a yana ɗaukar darussa, har da na tafiyar da ma'aikata da kuɗi. Malamai biyu ke duba shi, ɗaya na jami'a, ɗaya na kamfani. Kamfanin ne ke kawo matsalar da ta dame shi, ya kuma sa nasa kuɗin, hukumar gwamnati mai ɗaukar nauyin binciken injiniya, wato EPSRC, ta sa nata. Ɗalibi yana samun alawus na zama. A ƙarshe sai ya rubuta kundi, a zaunar da shi a yi masa tambayoyi baki da baki, kamar kowane dakta.

Cibiyar da ta yi suna a wannan fanni tana Jami'ar Birmingham, a can nake. A 2011 ta sami lambar yabo ta Sarauniya saboda wannan aiki na haɗa kaya. Kamfanonin da suka yi aiki da ita ba baƙinku ba ne: akwai Unilever masu Omo, akwai Procter & Gamble, akwai Mondelez, waɗanda yanzu su ke da Cadbury. Unguwar Bournville, inda Cadbury suka kafa masana'antarsu a 1879, ba ta da nisa da jami'ar. Duk wanda ya taɓa shan Bournvita ko ya tsotsi Tom Tom, ya taɓa kayan gidan.

Ni matsalar da aka ba ni ita ce dunƙulewar gari. Da aka karanta mini ita sai na tuna shagon mahaifiyata a nan Sabo, yadda da damina gishiri ke jiƙewa, dunƙulen miya ya yi laushi, garin wanki ya zama dutse a cikin kwali, a yi asara. Ashe abin yana da dalili. Gishiri yana fara jan ruwa daga iska da zarar laimar iskar ta kai wajen kashi 75 cikin 100, a Ibadan kuwa da damina ta kan wuce haka. Ruwan sai ya yi 'yar gada tsakanin ƙwayar gari da 'yar'uwarta. In rana ta fito ya bushe, gadar ta daskare, gari ya zama curi. Kayan da ya zauna lafiya a Kano da hunturu, in ya kwana biyu a Ikko sai ya canja hali. Abin da nake nema shi ne yadda za a gina ƙwayar garin, da irin rigar da za a sa mata, ta jure wannan ba tare da an ƙara tsada ba.

Ba zan ɓoye muku ba, na sha kunya a shekarar farko. Na yi haɗi na kilo 2 a ɗakin gwaji ya fito sumul, na shiga taƙama. Aka kai shi babban inji, sai ga shi ya cuɗe ya toshe bututu, ma'aikata suka wuni suna kankara. Laifina ne, ban lissafa cewa babbar tukunya ba ta sakin zafi da sauri kamar ƙarama ba. Wani dattijo da ya shekara da shekaru a kan injin, ba shi da digiri ko ɗaya, shi ya zaunar da ni ya nuna mini inda na kauce. Wadda ta iya tuwon mutum biyar, ba lalle ta iya tuwon biki ba. Wannan darasin, da a jami'a kaɗai nake, da ban same shi ba, kuma saboda irinsa aka ƙirƙiro wannan tsari.

Kada wani ya ɗauka maganar sabulu da alewa ce kawai. Akwai rai a ciki. A 1990 yara fiye da 100 suka mutu a ƙasar nan, a wajajen Jos da nan Ibadan, bayan sun sha maganin zazzaɓi na ruwa. Maganin kansa ba shi da laifi. Ruwan da aka narkar da shi a ciki ne aka musanya da wani sinadari mai kama da shi, mai ɗan zaƙi, wanda ke kashe ƙoda. A 1993 aka kafa NAFDAC. Duk da haka, daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 abin ya sake faruwa da maganin haƙoran jarirai, gwamnati ta ce yara 84 suka rasu. A 2022 kuma aka yi irinsa a Gambiya, yara kusan 70. Kun ga ke nan wanda ya san haɗi, ya san gwada kowace ganga kafin a zuba, aikinsa bai gaza na likita ba wajen tsare rai.

To me ya shafe mu, mu Hausawan kurmi? Tun da aka kafa Sabo a 1916, sana'armu ita ce ɗauko kaya daga inda yake mu kai inda babu: goro ya hau, shanu su gangaro. Mun iya wannan, ba wanda ya fi mu. Amma ɗanye muke sayarwa, ribar kuwa tana wurin wanda ya haɗa. Man kaɗe da matan karkara ke wahalar yi, dokar Tarayyar Turai ta 2000 ta yarda a sa irinsa har kashi 5 cikin 100 a cakulan, ban da man shafawa masu tsada da ake yi da shi. A watan Agusta na 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwaran kaɗanya na wata 6 don a riƙa sarrafawa a gida. To wa zai sarrafa? Masana'antun suna Ikeja da Agbara da Ota da Shagamu, a bakin ƙofarmu. 'Ya'yanmu suna shiga, amma yawanci gadi da lodi. Ba na raina sana'ar kowa, da kuɗin dako aka biya mini makaranta. Ina dai cewa ɗakin gwajin ma yana da ƙofa.

Akwai wahala, kuma gara ku ji daga bakina. Na ɗaya, gurbin kaɗan ne. Sai daga 2021 aka buɗe wa 'yan ƙasashen waje irin wannan tallafi sosai, kuma ba a yarda su wuce kashi 30 cikin 100 ba. Sai mai sakamako na ɗaya ko na biyu babba, da jarrabawar Turanci, da kuɗin biza da na asibiti. Na biyu, tambayar ta kamfani ce, kuma abin da ka gano yawanci nasu ne. Akwai abin da ba ni da izinin faɗa ko a nan. Na uku, kana da iyayen gida biyu: malamin jami'a yana son a zurfafa, kamfani yana son amsa kafin ƙarshen wata. Na huɗu, shekara 4 ne sa'o'inka suna aure suna gina gida, kai kana auna gari. Wanda bai shirya wa wannan ba, kada ya fara.

Ba kuma dole sai Ingila ba. Tushen yana nan gida. Ana koyar da injiniyan sinadarai a Zariya da Ife da Legas, ana koyar da haɗa magunguna da fasahar abinci a Jami'ar Ibadan. Ga cibiyar binciken masana'antu ta FIIRO a Oshodi, ga cibiyar binciken koko a Idi-Ayunre, wadda goro ma yana cikin aikinta. Mu nawa ne, mu masu goro, muka taɓa taka ƙafa can muka tambayi yadda za a rage asarar ƙwaro da ruɓewa?

Saboda haka ina da roƙo guda huɗu. Iyaye, yaron da kuka ga yana da kai a lissafi da kemistiri da fiziks, kada a cire shi daga aji don ya tsare shago, mace ce ko namiji. A inda nake, mata da yawa ne ke wannan karatu, wasu sun fi mu. Ƙungiya kuma, don Allah a taimaka wa yaranmu da takardar shaidar asali tun suna sakandare. Mu da aka haifa a nan mun san wannan ciwo: a nan a ce kai ɗan Arewa ne, a can a ce ba a san ka ba, kafin ka gama zirga-zirga an rufe karɓar takardun tallafin PTDF ko na jiha. Ni sai da na rasa shekara guda a kan haka. Na uku, a ware ɗan wani abu a asusu don kuɗin jarrabawa da na fom, domin sau da yawa ƙaramin kuɗi ne ke tsayar da yaro. Na huɗu, ku ƙannena da ke jami'a, in lokacin koyon aiki na SIWES ya zo, kada ku nemi inda za a sa muku hannu kuna kwance a gida. Ku shiga masana'anta, ku sa rigar aiki, ku yi ladabi ga masu injin. Abin da aka fi tambayata a kai ranar ganawa ke nan.

Kawu, ga amsarka: makaranta na tafi, amma ajin a cikin masana'anta yake. In na gama, burina in dawo in yi garin da zai kwana damina a shagon Sabo bai dunƙule ba. Duk mai yaron da ke son ƙarin bayani, ina gida har ƙarshen wata, a turo mini shi da takardunsa.

In na yi kuskure a gaban manya, a yafe mini.