Furotin Ne Ke Fara Sauka: Kaushin Fuskar Kayan Dashe da Mannewar Ƙwayoyin Halitta



Tun da Per-Ingvar Brånemark, likitan nan na Suwidin, ya lura a shekarun 1950 cewa ƙashin zomo ya kama titaniyom har ya ƙi rabuwa da shi, sannan a 1965 ya dasa wa mutum tushen haƙori na wannan ƙarfe, aka daɗe ana ɗora yabon a kan sinadarin ƙarfen kaɗai. Wannan takarda ta karkata ga wani ɓangare: yanayin fuskar ƙarfen a ma'aunin nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita.

Ƙwayar halitta ba ta taɓa ƙarfe kai tsaye. Da zarar an sa abin dashe a jiki, ruwa ne ke fara lulluɓe shi, cikin daƙiƙoƙi kuma furotin ɗin jini su sauka. Albumin, da yake ya fi yawa, yakan riga kowa. Daga baya waɗanda suka fi shi ƙarfin kamu, irin su fibrinojin, su ture shi, su ma wasu su ture su. Leo Vroman ne ya bayyana wannan tun shekarun 1960. Kafin ƙwayar halitta ta iso, an riga an yi mata shimfiɗa.

A nan kaushi ke shigowa. Tsawon fibrinojin bai wuce kimanin nanomita 45 ba, saboda haka tudu ko rami mai irin wannan girma ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa. Kaushi yana ƙara faɗin wurin sauka, amma abin da ya fi wannan nauyi shi ne yana sauya yadda furotin ke kwanciya. A kan fibronektin akwai wani ɗan gurbi mai amino asid uku, RGD, wanda Pierschbacher da Ruoslahti suka gano a 1984. Wannan gurbin ne intagirin, maƙalar da ke jikin ƙwayar halitta, ke kamawa. Idan furotin ya kwanta gurbin ya ɓuya, yawansa ba zai amfana komai ba.

Tazara ma tana da hukunci. A 2004 ayarin Joachim Spatz a Jamus suka jera ɗigogin zinare masu ɗauke da RGD. Da tazarar ta kasance nanomita 58, ƙwayoyin suka manne suka baje. Da ta kai 73, mannewar ta yi rauni ƙwarai. Kamar tsani ne: in matakan sun yi nisa da juna, ƙarfin mai hawa ba zai cece shi ba. Dole intagirin su taru kusa da juna kafin ƙwayar ta kafa madogara.

Aikin da na fi ganin darajarsa shi ne na Matthew Dalby da abokansa a Glasgow a 2007. Sun haƙa ramuka masu faɗin nanomita 120, zurfi 100, tazara 300 a kan wata roba. Da aka jera su a layi tsaf, ƙwayoyin asali na ɓargo ba su karkata ga zama ƙashi ba. Da aka ɗan gusar da kowane rami, har zuwa nanomita 50, sai suka fara fitar da ma'adinin ƙashi ba tare da an zuba musu maganin da ke ingiza su ba. Roba ɗaya, girman rami ɗaya, jeri kawai ya bambanta.

To, wane kaushi ne ya fi? Ban yarda akwai amsa guda ba. A 2007 masu bincike a Erlangen suka ga bututan titaniyom oksayid masu faɗin nanomita 15 sun fi dacewa da ƙwayoyin asali, masu 100 kuwa suna kai su ga mutuwa. A 2009 wani ayari a San Diego ya ga masu kusan 100 ɗin ne ke miƙar da ƙwayoyin su nufi zama ƙashi. Na farko sun yi aiki da ƙwayoyin ɓera, na biyu da na mutum, yanayin gwajin kuma ya sha bamban. Ga kuma wata ƙaya: da wuya a sauya kaushi ba tare da an taɓa sinadarin fuskar da yadda take jan ruwa ba, ga shi furotin guda a kwanon gwaji ba ya wakiltar ruwan jini mai dubban furotin.

Majinyacin da aka sa wa ƙarfe bayan haɗarin mota, ƙarfen kuma ya saki, shi ke ɗanɗana kuɗar wannan giɓi da tiyata ta biyu. Saboda haka ina roƙon matasanmu masu bincike: kada ku tsaya ga adadi ɗaya na matsakaicin kaushi a rahotonku. Ku faɗi siffa da tazara da jeri, ku auna wane furotin ya sauka da yadda ya kwanta, ku kuma gwada da ruwan jini kafin ku yanke hukunci.