Wa Zai Fito Zanga-zanga a Kebbi?

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya cire tallafin man fetur, manomin shinkafa a fadamar Argungu ke jin jiki, domin injin ban-ruwansa fetur yake sha. Amma ka ce masa ya zo Birnin Kebbi ya ɗaga kwali, sai ya yi shiru.

Ba ƙoshi ne ya sa shi shirun ba. Ya ga yadda zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024 ta kasance a Kano: fasa shaguna, dokar hana fita, kame. Daga baya aka gurfanar da yara a kotun Abuja, wasunsu suka yanke jiki suka faɗi. Wane uba zai tura ɗansa?

A Yukren kuwa, ana tsakiyar yaƙi, matasa sun fito a Yulin 2025 kan dokar da ta rage wa hukumomin yaƙi da cin hanci ƙarfi, kuma kafin watan ya ƙare majalisa ta warware ta. Su sun ga an saurare su. Namu gwamnatocin sun fi saurin kiran sarakuna da malamai su ba talaka haƙuri, ko da yake haƙurin ba ya sayen litar fetur.