Karatun lissafin kuɗi ba na ragwaye ba ne



Da yawanku kun ci BEPC, kuna tunanin fannin da za ku bi a lise. In aka ce G2, wato karatun lissafin kuɗin kasuwanci, sai wasu su taɓe baki, wai na waɗanda suka kasa C ne. To, ku saurara.

Ɗan kasuwar Maradi yana saro kaya a Kano da naira, ya sayar a nan da sefa. Kuɗin mota, kuɗin duwan, ga canji yau ya hau gobe ya sauka, duk daga ribarsa suke fita. In ba ya rubutawa, sai ya ga akwati cike da kuɗi ya ɗauka riba ce, alhali uwar kuɗin yake ci. Shekara ta zagayo shago ya rame, a ce sammu aka yi masa!

Wannan ciwon G2 ke magani. Za a koya muku raba jari da riba, rubuta shiga da fita, da tsarin SYSCOHADA da kamfanoni ke bi a ƙasashe 17 na OHADA, har da Nijar.

Kuma addininmu bai bar mu a duhu ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Zakkar kasuwanci fa, ɗaya cikin 40, yaya za ka fidda ta daidai in ba ka san ƙimar hajarka da bashin da kake bi ba?

Duk wanda mahaifinsa ke da shago, a wannan hutun ya nemi izinin baba, ya sayi littafi guda, ya fara rubuta cinikin kowace rana.