Manhajar da ke amsa tambaya a waya: daga ina take samo amsarta?

Jawabin da aka gabatar a taron shugabannin unguwanni, sansanin Minawao



Kwanakin nan yaranmu masu manyan wayoyi sun fara tambayar ChatGPT ko Meta AI na cikin WhatsApp abubuwan da suka dame mu: yaushe za a raba abinci, ko hanyar Banki tana da lafiya, yaya ake samun tafiya Kanada. Amsa tana fitowa nan take, a tsare, har mutum ya ɗauka wani jami'i ne ya rubuto ta.

Babu mutum a ciki. Kwamfuta ce aka ba ta rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa daga intanet, ta karanta har ta koyi kalmar da ta saba biyo bayan wata. Tun 2010 masana a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka suka kunna wata mai suna NELL, tana karanta shafukan intanet dare da rana tana tara bayanai, amma sai da mutane suka riƙa bin ta suna gyara mata kurakurai. ChatGPT kuma ta fito a watan Nuwamba na 2022.

Abu uku nake so mu riƙe. Na farko, intanet kamar kasuwa ce, akwai mai gaskiya, akwai mai ƙarya, kuma manhajar ta karanta duka. Na biyu, ko ta leƙa intanet a lokacin da aka tambaye ta, abin da aka rubuta kawai take gani. Abin da ya faru jiya a ƙauyukan Gwoza ko Bama sau da yawa ba wanda ya rubuta shi. Na uku, idan ba ta da amsa, takan haɗa wata mai kama da gaskiya, ta faɗe ta ba tare da shakka ba.

Saboda haka kada iyali su yanke shawarar komawa gida bisa maganar waya. Komawa ta son rai tana bin yarjejeniyar da Kamaru da Najeriya da HCR suka sa wa hannu a watan Maris na 2017, kuma a ofis ake rajista. Batun tafiya wata ƙasa kuwa, waɗanda ake sake tsugunarwa a shekara ba su kai kashi 1 cikin 100 na 'yan gudun hijirar duniya ba, kuma ba a biyan ko sisi. Duk wanda ya nemi kuɗi, ko ya nuna muku saƙo a waya, ɗan damfara ne.

Kada ku rubuta mata lambar katinku ko sunayen 'ya'yanku. Yara su yi amfani da ita wajen koyon Faransanci da lissafi, su nuna wa malaminsu. Maganar abinci, magani da takardu kuwa, ku zo ofis ku tambaya, matambayi ba ya ɓata.

Allah ya ba mu zaman lafiya.